Rudolf Diesel (1858-1913): Baƙon da Injinsa Ya Zama Ɗan Gari

Duk wanda ya taɓa wayar gari a Fassi ya san ƙarar da ke tashi da hantsi daga rumfar mai niƙa, ga yara sun jera kwanukan dawa da masara, kowa na tsaron layinsa. Iyayenmu mata da suka manyanta ba su manta da zamanin da babu wannan ƙara ba, lokacin da mace kan durƙusa gaban dutsen niƙa tun asuba kafin a samu garin tuwon dare. A wannan fili mun saba kawo tarihin sarakuna da malamai da attajiran ƙasarmu. Bana mun tsallaka teku, domin man nan da muke kira gas, wanda gidajen mai ke rubutawa dizal, sunan wani Bajamushe ne da ya rasu fiye da shekara ɗari da suka wuce. Ya kamata 'ya'yanmu masu karatun kimiyya da masu koyon kanikanci su san shi.

An haifi Rudolf Diesel ranar 18 ga Maris, 1858, a birnin Paris. Iyayensa 'yan ci-rani ne daga yankin Bavaria na Jamus, mahaifinsa Theodor kuma aikin fata yake yi, wato dai baduku, kuma sana'ar ba ta cika ciyar da gidan ba. A 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa, aka kori Jamusawan da ke Paris, iyalin suka gudu Landan. Daga can aka tura yaron, yana ɗan shekara 12, wurin danginsa a garin Augsburg, inda mijin gwaggonsa ke koyar da lissafi. Yana da shekara 14 ya rubuta wa iyayensa cewa injiniya zai zama. Hazaƙarsa ta samar masa tallafin karatu a babbar makarantar fasaha ta Munich, ya kuma kammala a 1880 da sakamako mafi daraja, bayan zazzaɓin taifod ya jinkirta masa jarrabawa.

A Munich ne ya haɗu da malamin da ya juya rayuwarsa, Carl von Linde, gwanin injin yin ƙanƙara. Daga darasinsa Diesel ya fahimci irin ɓarnar da injin tururi ke yi, alhali a lokacin shi ke jan jirgin ƙasa, shi ke juya masana'antu. Idan aka ƙona kwal buhu goma a ƙarƙashin tukunyar tururi, abin da ke zama aiki bai wuce na buhu ɗaya ba, sauran duk ya bi hayaƙi da iska. Tun 1824 wani Bafaranshe mai suna Sadi Carnot ya nuna a lissafi cewa amfanin inji yana ƙaruwa ne gwargwadon tazarar da ke tsakanin zafin da ya fara da shi da sanyin da ya ƙare da shi. Diesel ya ɗauki wannan magana ya riƙe. Ya yi shekara goma yana yi wa Linde aikin ƙanƙara a Paris, ya auri Martha a 1883, suka haifi 'ya'ya uku, amma hankalinsa na kan injin da ba ya ɓarna. Ya gwada wanda ke aiki da tururin amoniya, ya fashe da shi, ya yi watanni a asibiti, idonsa kuma bai koma daidai ba.

Kafin mu ci gaba, sai mai karatu ya yi haƙuri mu leƙa cikin inji, don in ba haka ba ba za a gane abin da mutumin nan ya yi ba. Injin da ke ƙona mai a cikin cikinsa ya riga Diesel. A 1860 Étienne Lenoir ya ƙera wani a Paris, amma yana shan mai kamar rariya, domin ba ya matse abin da zai ƙona. Nikolaus Otto ne ya gyara wannan a 1876 da injinsa mai bugu huɗu, wanda har yau shi ne tsarin injin motar fetur. Fistin yana sauka cikin silinda, bawul ya buɗe, ya zuƙo iska gauraye da mai. Ya hau sama, bawul a rufe, ya matse su. A kunna musu wuta, su fashe, su tura fistin ƙasa da ƙarfi, kuma wannan bugu na uku shi kaɗai ke yin aiki. A na huɗu fistin ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa. Sanda ce ke haɗa fistin da karanshaf, mai mayar da hawa da sauka su zama juyi. Akwai kuma ƙaton wili mai nauyi, wanda kanikawa ke kira fulawil, shi ke ajiye ƙarfin bugu ɗaya ya raba wa sauran ukun.

Injin Otto yana da iyaka. Yawan matsi shi ne yawan amfani, amma tun da iska da mai a haɗe suke shiga, idan matsin ya yi yawa sai su kama wuta da kansu kafin lokaci, injin ya riƙa ƙwanƙwasa har ya lalace. Dabarar Diesel ita ce a raba su. A zuƙo iska zalla, wadda ba ta da abin ƙonewa, a matse ta iyakar matsewa. Duk yaron da ya taɓa ba tayar keke iska ya ji yadda gindin famfo ke ɗaukar zafi a hannunsa. To idan aka cusa iskar da ta cika silinda cikin kashi ɗaya bisa goma sha biyar na wurinta, zafinta kan haura digiri 500. A daidai wannan lokaci sai a fesa mai, ya kama da kansa. Shi ya sa injin gas ba shi da filogi, ba shi da kafireto, shi ya sa kuma ya fi na fetur nauyi, don sai ƙarfe mai kauri ke jure irin wannan matsi.

Ya nemi rajistar wannan dabara a 1892, hukumar Jamus ta ba shi takarda a Fabrairun 1893, ya kuma wallafa ɗan littafi a kanta. Gaskiyar magana, lissafinsa na farko ya zarce abin da ƙarfe zai iya. Ya so a matse iska har ninki 250 na nauyin iskar da muke shaƙa, ya kuma zaci injin ba zai buƙaci ruwan sanyaya ba. Duka biyun bai yi daidai ba. Amma Heinrich von Buz, shugaban masana'antar injuna ta Augsburg, wadda daga baya ta zama kamfanin MAN, ya yarda ya zuba kuɗi, kamfanin Krupp ma ya shigo. Ranar 10 ga Agusta, 1893, aka fesa wa injin gwaji na farko mai. Ya kama da irin ƙarfin da ya tarwatsa ma'aunin da ke kansa, ƙarfe ya yi ta shawagi a ɗakin. Injin bai tashi ba, amma an tabbatar cewa matsi kaɗai yana kunna wuta. Sai a Fabrairun 1894 ya juya da ƙarfin kansa, na tsawon minti guda.

Shekaru huɗu aka yi ana warwarewa ana ɗaurawa. Abin da ya fi ba su wahala shi ne yadda za a tura mai cikin silindar da ke cike da matsi, domin babu famfon da zai iya a lokacin. Suka koma hura man da wata iskar da aka matse fiye da ta cikin silindar, abin da ya tilasta a rataya wa injin wani injin matsa iska a gefe. Aka rage matsin zuwa ninki talatin da ɗoriya, aka sa masa rigar ruwa, aka zauna a kan kananzir. Ranar 17 ga Fabrairu, 1897, Farfesa Moritz Schröter ya auna shi a hukumance, ya samu yana mayar da kashi 26 cikin ɗari na zafin mai zuwa aiki, fiye da ninki biyu na injin tururi. Silinda ɗaya gare shi, ƙarfinsa kusan na doki 20, tsayinsa wajen mita uku. Yana nan a gidan tarihin kimiyya na Munich.

Kuɗi suka zubo. Adolphus Busch na Amurka kaɗai ya biya mak miliyan ɗaya don izinin ƙera injin a ƙasarsa. Sai dai a ganinmu an yi gaggawar kai shi kasuwa, domin na farkon da aka sayar sun yi ta lalacewa ana mayarwa. Ga kuma masu ƙara a kotu da masu suka a jarida. A Ingila Herbert Akroyd Stuart ya riga ya yi rajistar injin mai tun 1890, ko da yake nasa sai an gasa masa kai da wuta kafin ya tashi. Wasu malaman Jamus kuma suka ce injin da ya yi aiki ba shi ne na cikin takardar 1893 ba, injiniyoyin Augsburg ne suka cece shi. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma shi ne ya tsaya a kan aikin lokacin da kowa ya gaji. Lafiyarsa ta taɓu a 1898, ciwon kai ya addabe shi, ya gina katafaren gida a Munich, ya zuba dukiyarsa a cinikin filaye da haƙar mai, ta narke.

Abin da ya fi jan hankalinmu a tarihinsa shi ne niyyarsa. Ɗan baduku ne, ya ga yadda manyan masana'antu masu tukunyar tururi suka kashe kasuwar masu sana'ar hannu. Burinsa ƙaramin inji mai arhar mai, wanda maƙeri ko kafinta zai ajiye a shagonsa ya yi gogayya da mai jari. Har littafi ya rubuta a 1903 kan yadda ma'aikata za su haɗa taro da sisi su mallaki masana'antu, amma bai samu masu saye ba. Injin nasa kuwa, saboda nauyinsa da injin iskar da ke rataye da shi, wurin manya ya tafi: tashoshin lantarki, jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku, da manyan jiragen ruwa irin Selandia da aka ƙera a Denmak a 1912.

Akwai kuma zancen gyaɗa, wanda ya shafe mu kai tsaye. A baje kolin duniya na Paris a 1900, inda injin Diesel ya ci babbar lambar yabo, an tayar da wani ƙarami da man gyaɗa zalla, ya yi aiki lafiya lau. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a gwada, tana tunanin ƙasashen Afirka da ta mallaka, inda gyaɗa ke da yawa, kwal da fetur kuwa sai an yi dako. Mukan ji ana cewa don man gyaɗa ya ƙera injinsa, wannan kuwa ƙari ne. Amma a jawabansa na 1912 ya yaba gwajin, ya kuma yi hasashen cewa man tsirrai zai yi daraja wata rana. A daidai shekarun nan jirgin ƙasa ya iso Kano, a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kakanninmu na ƙasar Rano suka shiga nomanta gadan-gadan, har aka kai ga dalar gyaɗa ta su Alhassan Ɗantata. Gyaɗar ta tafi Turai a buhu, ba ta shiga tankin inji ba. Da farashin gas ya ninka fiye da sau biyu a 2022, kuɗin niƙa ya bi shi, wasu matasanmu sun tayar da maganar. Amsar ita ce man gyaɗa ya fi gas kauri, yana toshe nozul na injin zamani in ba an ɗumama shi ko an sarrafa shi ba, kuma a kasuwa kwalbarsa ta fi ta gas tsada.

Ranar 29 ga Satumba, 1913, Diesel ya shiga jirgin ruwa mai suna Dresden daga Antwerp ta Beljiyam zuwa Ingila don wani taron kamfani. Ya ci abincin dare da abokan tafiya, ya shiga ɗakinsa wajen ƙarfe goma, ya bar saƙon a tashe shi da safe. Da gari ya waye ba a same shi ba, gadonsa ma ba a kwanta a kai ba. Bayan kwana goma wasu matuƙan jirgi 'yan Holan suka tsinci gawa a teku, suka cire 'yan kayan aljihunta, ɗansa Eugen ya shaida na mahaifinsa ne. Jakar da ya bar wa matarsa ta nuna cewa bashi ya cinye dukiyar. Mafi yawan marubuta tarihinsa sun karkata ga cewa shi ya jefa kansa, wasu kuma na zargin kashe shi aka yi saboda gasar jiragen yaƙi tsakanin Jamus da Ingila. Allah shi ne masani. Shekararsa 55.

Ƙaramin injin da ya yi mafarki sai bayansa ya samu. A 1927 kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon da ke tura mai kai tsaye ta nozul, aka huta da injin iska, nauyi ya ragu. Daga nan injin gas ya shiga gingimari da tarakta da katafila, irin waɗanda suka tare kogin Kano aka samu madatsar Tiga a 1974. Wajen 1930 kuma kamfanin Lister na Ingila ya fito da injinsa mai silinda ɗaya da manyan wili biyu, mai ƙarfin doki shida, mai juyi 650 a minti, wanda masana'antun Rajkot na Indiya suka ci gaba da kwaikwayo bayan Ingila ta daina ƙera shi a 1987. Shi ne Lista na rumfar niƙa, da durom ɗin ruwa a gefensa. Mai son ganin dabarar Diesel da idonsa ya je ya tsaya lokacin tayarwa. Mai niƙa zai ɗaga wani ɗan ƙarfe da ke riƙe bawul a buɗe don kada silinda ta yi matsi, ya wana handul har wilin ya ɗauki gudu, sa'an nan ya saki ƙarfen. Bawul ya rufe, nauyin wilin ya tura fistin ya matse iska, nozul ya fesa gas, baƙin hayaƙi ya fito sau biyu ko uku, sai a ɗora bel.