W. C. Fields

William Claude Dukenfield, wanda aka fi sani da W. C. Fields (29 ga Janairu, 1880 – 25 ga Disamba, 1946), ɗan wasan barkwanci ne na Amurka. Ya fara da wasan jefa ƙwallaye sama yana cafewa, kafin ya shiga fim, inda ya yi suna wajen fitowa a matsayin ɗan damfara mai daɗin baki.

A 1940 ya fito tare da Mae West a fim ɗin kaboyi na barkwanci My Little Chickadee, a matsayin mayaudari Cuthbert J. Twillie. Ra'ayin masu sharhi ya rabu a kansa, amma fim ɗin ya yi kasuwa. Taurarin biyu ba su jitu ba, kuma ba su sake haɗuwa a wani fim ba. Ya mutu a Pasadena, jihar Kalifoniya.