Muhammadu Al-Kashinawi, Masanin Hisabi Daga Katsina

Muhammadu bin Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi malami ne ɗan ƙasar Katsina wanda ya yi zamani a farkon ƙarni na 18. Daga cikin malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu akwai Muhammadu al-Wali na ƙasar Bagirmi. Wajejen shekarar 1730 ya tafi aikin Hajji, daga bisani ya yada zango a Alƙahira.

Fannin da ya fi shahara a kai shi ne ilimin aufaƙ, wato abin da Bahaushe ke kira hatimi, kalmar da ita ma daga Larabci aka aro ta. Hatimi zane ne mai gidaje, wanda ake zuba wa lambobi ta yadda duk layin da aka haɗa, a tsaye ko a kwance ko a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, jimla ɗaya za a samu. A mai gida tara, idan aka zuba 1 zuwa 9, jimlar kowane layi 15 ce. A mai gida 25 kuwa 65 ce. A littafinsa Bahjat al-Afaƙ, ya bayyana hanyoyin gina hatimin da yawan gidajen layinsa mara ne, kamar 3 da 5 da 7. Muhimmin abu a nan shi ne bai bar mai koyo da lalube ba. Ƙa'ida ya shimfiɗa masa: inda zai fara, da takun da zai riƙa maimaitawa har gidajen su cika.

Gaskiya ne a zamaninsa ba a raba hatimi da sha'anin asiri da taurari, shi kansa ma ya yi rubutu a kan haka cikin al-Durr al-Manzum. Amma wanda ya ɗauke shi ɗan tsibbu kurum bai yi masa adalci ba, domin ƙa'idojin nasa lissafi ne tsantsa, kowane ɗalibi zai iya gwada su da alli. Wannan ɓangare ne Claudia Zaslavsky ta fito da shi a littafinta Africa Counts na 1973.

Ya rasu a Alƙahira a shekarar 1741, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, wanda ya bar wa littattafansa. Ɗan wannan shaihi, Abdurrahman al-Jabarti, shi ne ya adana labarinsa a cikin shahararren littafinsa na tarihin Masar.