Antoine Lavoisier (1743–1794): Wanda Ya Raɗa wa Oksijin Suna

Gabatarwa

Duk manomin da ya bar fartanya a jiƙaƙƙiyar gona a fadamun Bakolori, tsakanin Maradun da Talata Mafara da Bakura, ya san zai tarar da ita ta yi tsatsa. Haka ma maƙeri ya san gawayi ba ya yin jawur sai an hura masa iska da zugazugi. Masanin da ya nuna cewa tsatsa da cin wuta tushensu ɗaya, ya kuma sama wa abin suna, shi ne Antoine Lavoisier, mutumin Faransa.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Lavoisier a birnin Faris ranar 26 ga Agusta, 1743. Mahaifinsa lauya ne mai wadata, mahaifiyarsa kuwa ta rasu yana ɗan shekara biyar. Ya karanta shari'a kamar mahaifinsa, amma hankalinsa ya fi karkata ga kimiyya. A 1768 aka zaɓe shi cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa. A shekarar ce kuma ya sayi hannun jari a kamfanin da ke karɓar wa sarki haraji, wanda ya ba shi dukiyar sayen kayan bincike. A 1771 ya auri Marie-Anne Paulze, wadda ta koyi Ingilishi tana fassara masa rubuce-rubucen masanan Ingila, tana kuma zana hotunan kayan aikinsa.

Bincikensa

A zamaninsa masana sun ɗauka cewa duk abin da ya ƙone, wani sinadari ne mai suna fulojistan yake fita daga cikinsa. Lavoisier ya dogara ga ma'auni. A 1772 ya ƙona farar wuta, sai ya ga nauyinta ya ƙaru. A 1774 ya gasa kuza da dalma cikin rufaffen gilashi, ya tarar nauyin gilashin da abin da ke ciki bai canja ba, alhali ƙarfen ya ƙara nauyi. Ke nan wani abu ne daga iskar da ke ciki ya shige shi. A shekarar ce Joseph Priestley na Ingila ya ziyarci Faris, ya ba shi labarin wata iska da ya samu daga jan garin zaiba, wadda kyandir ke ci da ƙarfi a cikinta. Lavoisier ya maimaita gwajin, ya tabbatar cewa ita ce wuta ke ci da ita, ita ce kuma dabbobi ke rayuwa da ita.

Ƙirƙirar Kalmomi

Ya kira iskar oksijin, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin mai haifar da tsami, domin ya zaci kowane asid yana ɗauke da ita. A 1810 Humphry Davy ya nuna cewa wannan zato kuskure ne, amma sunan ya riga ya zauna.

A 1787 Lavoisier da abokan aikinsa uku, wato Guyton de Morveau da Berthollet da Fourcroy, suka fitar da littafin tsarin sunayen sinadarai. Manufarsu ita ce sunan abu ya bayyana abin da ya ƙunsa. A nan ne aka kafa kalmar oksaid, wadda aka gina daga farkon kalmar oksijin da ƙarshen kalmar asid a Faransanci. Ma'anarta ita ce abin da ake samu idan oksijin ya haɗu da wani sinadari guda. Tsatsa oksaid ce ta baƙin ƙarfe, ita ce kuma ke sa jar ƙasa ta yi ja. Kalmar ta shiga Ingilishi ta hanyar fassara, musamman wadda Robert Kerr ya yi wa babban littafin Lavoisier a 1790. Da farko an rubuta ta oxyd, daga baya aka tsaya kan oxide. An kuma riƙa ƙara mata ɗafa-goshi mai nuna adadi: monoksaid mai oksijin ɗaya, dayoksaid mai biyu. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin kabon monoksaid ita ce gubar hayaƙin janareta da gawayi, wadda ke kashe mutane a rufaffen ɗaki.

Rasuwarsa

Da juyin juya halin Faransa ya ɓarke a 1789, jama'a suka juya wa masu karɓar haraji baya. An kama Lavoisier a ƙarshen 1793, aka yi masa shari'a tare da wasu 27, ciki har da surukinsa. An fille musu kai ranar 8 ga Mayu, 1794, yana da shekara 50.

Kammalawa

Malamin Hausa na gobe zai gamu da matsalar da Lavoisier ya gamu da ita, wato sama wa sabon ilimi suna. Aikinsa ya nuna cewa keɓaɓɓiyar kalma tana da amfani ne idan an gina ta bisa tsari, yadda ɗalibi zai ji ta ya hasaso ma'anarta. Kuskurensa kuma gargaɗi ne cewa suna idan ya shiga bakin jama'a da wuya a tumɓuke shi, don haka a tabbatar da ma'ana kafin a raɗa shi.