Jack O'Hagan: Mai tsara waƙar da ya sa sunan Gundagai a bakin mutanen Ostireliya

A farkon ƙarni na 20, yawancin waƙoƙin da ake rerawa a gidaje da wuraren rawa na ƙasar Ostireliya baƙi ne, daga Ingila ko Amurka ake kawo su. Jack O'Hagan na cikin mutanen farko da suka nuna cewa garuruwa da koguna da jaruman ƙasar ma sun isa a yi musu waƙa, kuma jama'a su sa kuɗinsu su saya.

An haifi John Francis O'Hagan ranar 29 ga Nuwamba, 1898, a unguwar Fitzroy da ke birnin Melbourne, ya kuma yi karatu a makarantun Katolika na birnin, ciki har da Kwalejin Xavier. Tun yana matashi ya kama aiki da kamfanin Allan's, wanda ke buga waƙoƙi a takarda yana sayarwa. A wancan zamani, kafin rediyo ta shiga gidaje, wanda waƙa ta burge shi yakan sayi takardar da ke ɗauke da baitocinta da alamomin kiɗanta, ya je gida ya kaɗa a fiyano. Aikin O'Hagan shi ne tallata sababbin waƙoƙi a gidajen wasan kwaikwayo da na silima, har su kama bakin mutane. A nan ya naƙalci irin karin da ke saurin shiga kunne.

A shekarar 1922 ya fitar da waƙar da ta ɗaukaka shi, Along the Road to Gundagai, wato a kan hanyar zuwa Gundagai. Waƙar begen gida ce, ta mutumin da ya daɗe a wata uwa duniya, yake ɗokin komawa wurin iyayensa da abokan ƙuruciya. Gundagai ƙaramin gari ne a bakin kogin Murrumbidgee, a jihar New South Wales, kan hanyar da ta haɗa Sydney da Melbourne. Abin mamaki, lokacin da ya tsara waƙar O'Hagan bai taɓa taka garin ba. Sai a 1956, bayan shekara 34, ya ziyarce shi, mutanen garin suka karɓe shi hannu bibbiyu a matsayin babban baƙo.

Waƙar ta zo a kan gaɓa. Shekara huɗu ke nan da ƙare Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda Ostireliya ta rasa sojoji kusan 60,000 a cikinsa, don haka zancen komawa gida ya taɓa zukata da dama. An sayi takardunta dubbai, shahararren mawaƙi Peter Dawson ya ɗauke ta a faifai, daga baya kuma ta zama taken buɗe wasan kwaikwayon rediyo mai suna Dad and Dave, wanda aka fara watsawa a 1937, aka shafe fiye da shekara 15 ana saurare.

O'Hagan bai tsaya kan garuruwa kaɗai ba. A 1930, lokacin da talauci da rashin aikin yi suka addabi ƙasar sakamakon durƙushewar tattalin arzikin duniya, matashin ɗan wasan kurket Don Bradman ya yi bajinta a Ingila, inda ya ci maki 334 a wasa ɗaya a birnin Leeds. Nan da nan O'Hagan ya tsara masa waƙar yabo mai suna Our Don Bradman, wadda ta zama abin alfahari ga al'ummar da ke neman abin da zai faranta mata rai. Ya sake komawa kan Gundagai da wasu waƙoƙin, ciki har da wadda ya yi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kan soyayyar sojan Amurka da 'yar garin.

Sai dai zamani riga ne. Yaɗuwar rediyo da faifai da finafinai masu magana ta rage kasuwar waƙoƙin takarda, waƙoƙin Amurka kuma suka ƙara mamaye ƙasar. O'Hagan ya bi zamanin: ya yi aiki a gidajen rediyon Melbourne, ya tsara waƙoƙin finafinai, daga bisani ya koma kamfanin talla, inda ya shafe shekaru yana rubuta gajerun waƙoƙin tallan kaya har ya yi ritaya. Gaba ɗaya ya tsara waƙoƙi fiye da 600, kodayake ba dukansu aka buga ba.

A 1973 aka karrama shi da lambar girma ta MBE. Ya rasu ranar 15 ga Yuli, 1987, a Melbourne, yana da shekara 88. A 2001, ƙungiyar kare haƙƙin mawaƙa ta APRA ta sanya waƙar Gundagai cikin fitattun waƙoƙin Ostireliya 30 na tarihi, shekara 79 bayan fitowarta.