Jim Thorpe, Zakaran Wasa Goma

A wasannin Olamfik akwai wata gasa mai wuya da ake kira wasa goma. Mutum ɗaya ne zai yi su duka. Zai yi gudu iri huɗu: na mita 100, na mita 400, na mita 1500, da na mita 110 mai tsallake shinge. Zai yi tsalle iri uku: dogon tsalle, tsallen sama, da tsalle da dogon sanda. Zai kuma yi jifa iri uku: jifan dunƙulen ƙarfe, jifan faifai, da jifan mashi. Kowane wasa da makinsa. Wanda ya tara maki mafi yawa shi ne zakara.

Mutumin da ya ci wannan gasa a Olamfik na shekarar 1912 sunansa Jim Thorpe.

An haife shi a shekarar 1887 a Oklahoma, cikin ƙasar Amurka. Ɗan ƙabilar Sak da Foks ne, wato yana cikin mutanen da Turawa suka iske a ƙasar. Sunansa na gida Wa-Tho-Huk, ma'anarsa hanya mai haske. Tagwaye aka haife su, shi da Charlie. Suna da shekara tara ciwon haƙarƙari ya kashe Charlie. Ba a daɗe ba uwarsu ma ta rasu. Jim ya yi ta gudu daga makaranta, ubansa yana maida shi.

A shekarar 1904 aka kai shi makarantar kwana ta Carlisle, wadda gwamnati ta buɗe don ƴaƴan ƙabilu irin tasa. Wata rana a 1907 ya tarar da ƴan makaranta suna tsallen sama. Da tufafin aiki a jikinsa ya matso, ya tsallake sandar da ta kai mita ɗaya da santimita 75. Malamin wasa, Pop Warner, ya ji labari, ya ɗauke shi yana koya masa.

A 1912 aka yi Olamfik a birnin Istokholm, ƙasar Suwidin. Jim ya fara shiga gasar wasa biyar. Ya zo na ɗaya a huɗu daga cikinsu, ya ci lambar zinariya. Sannan aka shiga wasa goma, aka yi kwana uku ana karawa. Ana cikin gasar takalmansa suka ɓace. Bai zauna yana kuka ba. Ya samo waɗansu biyu da ba iri ɗaya ba. Ɗaya ya yi masa yawa, sai ya ƙara safa, ya koma fage. Da aka gama, Jim yana da maki 8,412. Na biyu, Hugo Wieslander ɗan Suwidin, yana da 7,724. Sarkin Suwidin, Gustab na Biyar, shi ya ba Jim kyautarsa da hannunsa, ya ce a duniya babu ɗan wasa kamarsa.

Murnar ba ta daɗe ba. A watan Janairu na 1913 wata jarida ta buga labari cewa a 1909 da 1910 Jim ya yi wasan besbol, wato ƙwallon da ake bugu da sanda, ana biyansa ƴan kuɗi kaɗan. A lokacin doka ta hana wanda ya taɓa karɓar kuɗin wasa shiga Olamfik. Ƴan makaranta da yawa suna yin haka, amma sai su sake suna. Shi Jim da sunansa na gaskiya ya yi wasa. Ya rubuta takarda ya amsa abin da ya yi, ya ce bai san dokar ba. Duk da haka aka karɓe lambobinsa biyu, aka share sunansa. Kamar a ce ɗan kokowa ya kada kowa a fage, an ba shi takobi, bayan wata shida a zo a karɓe. Ga shi kuwa dokar da kanta ta ce duk mai ƙara ya kawo ta cikin kwana 30.

Jim ya ci gaba da wasa don neman abinci. Ya yi besbol a birnin New York, ya yi ƙwallon Amurka a garin Canton. A 1920 aka naɗa shi shugaban farko na ƙungiyar ƙwallon Amurka. Da ƙarfi ya ƙare sai talauci ya same shi. Ya yi lebura, ya yi gadi. Ya rasu ran 28 ga Maris 1953, ba a maida masa lambobinsa ba.

Ƴaƴansa da masoyansa ba su fid da rai ba. Sun yi shekaru suna bin maganar. A 1982 kwamitin Olamfik na duniya ya yarda, a 1983 aka ba ƴaƴansa sababbin lambobi. Amma an rubuta shi tare da waɗanda suka zo na biyu. Sai a watan Yuli na 2022, bayan shekara 110, aka rubuta cewa Jim Thorpe shi kaɗai ne zakaran gasar biyu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, gaskiya kuwa ko ta daɗe tana fitowa.

Bayan Jim an yi zakaru da yawa a wasa goma. Ɗaya daga cikinsu shi ne Roman Sebrle, ɗan ƙasar Cek. A 2001 ya tara maki 9,026, ya zama na farko da ya wuce 9,000. A 2004 ya ci zinariyar Olamfik a birnin Atan, irin wadda Jim ya ci da takalman aro.

Tambayoyi

1. Faɗi wasanni goma na wannan gasa.
2. Me Jim ya yi da takalmansa suka ɓace?
3. Don me aka karɓe lambobinsa?
4. Maki nawa Jim ya fi Hugo Wieslander?
5. A ganinku, an yi wa Jim adalci? Don me?