John Wesley Hyatt, Mutumin Da Ya Musanya Hauren Giwa Da Takarda

A ƙarni na 19 hauren giwa yana cikin manyan hajjojin da ayarin raƙuma ke ɗauka daga birnin Kano zuwa Tarabulus, tare da gashin jimina da jemammun fatu. Fatake Hausawa su ne ke kutsawa cikin ƙasar Adamawa, har su Banyo da Tibati da Ngaundere, su sayo shi, sa'an nan Larabawan Gadamas mazauna Kano su ƙetare Sahara da shi. In ayari ya juyo kuwa, cikin kayan da yakan kawo har da takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku, wadda malamai ke rubutu a kanta. Watau haure ya yi arewa, takarda ta yo kudu. A wancan zamani ba wanda zai zaci akwai ranar da za a sarrafa takarda har ta tsaya a matsayin haure. Mutumin da ya yi wannan aiki shi ne John Wesley Hyatt, wani ma'aikacin gidan ɗab'i na ƙasar Amurka, wanda bai taɓa shiga jami'a ba.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Hyatt ran 28 ga watan Nuwamba 1837 a wani ƙauye da ake kira Starkey cikin Jihar New York. Ubansa maƙeri ne, saboda haka yaron ya tashi yana ganin yadda wuta da guduma ke tanƙwasa abu mai tauri. Bai yi zurfi a makaranta ba. Yana da shekara 16 ya bar gida ya tafi Jihar Illinois ya koyi aikin ɗab'i. Tun yana can aka ga alamar hannunsa ba ya zama, gama cikin 1861 ya sami takardar shaidar mallakar ƙirƙirarsa ta farko, a kan wata na'urar wasa wuƙa. Daga baya ya komo birnin Albany a jiharsu, ya ci gaba da sana'arsa ta ɗab'i, da dare kuwa yana ta gwaje-gwaje.

Abin da ya sa haure ya yi tsada

Turawan wancan lokaci suna buƙatar haure don yin mataji da ƙotar wuƙa da kayan ado, amma abu biyu suka fi cinye shi. Na farko shi ne fiyano, wani babban akwatin kiɗa mai madannai 88, guda 52 farare, 36 baƙaƙe. Kowane farin madanni akan lulluɓe bayansa da siririn ɓawon haure, domin yana da santsi, kuma ba ya zame wa yatsa in ta yi gumi. Yawancin hauren wannan aiki daga Gabashin Afirka yake fitowa, a kan 'yan dako da bayi, ya bi ta Zanzibar zuwa masana'antun Deep River da Ivoryton a Jihar Connecticut. Na biyu shi ne ƙwallon wasan biliyad, ɗan'uwan sunuka, wanda haure guda ba ya ba da fiye da 'yan ƙwallaye kaɗan masu kyau.

Da masu wannan sana'a suka ga buƙata tana ƙaruwa, farashi yana hawa, sai hankalinsu ya tashi. Cikin 1863 labari ya bazu cewa kamfanin Phelan da Collender na New York, masu yin kayan biliyad, za su ba da dala 10,000 ga duk wanda ya samo abin da zai maye gurbin haure. Wannan labari shi ya sauya rayuwar Hyatt.

Shekarun gwaji

Da fari ya riƙa cuɗa markaɗaɗɗiyar takarda da garin katako da wani irin ƙaro na ƙasar Indiya, yana matse su da zafi. Bai sami ƙwallo mai gamsarwa ba, amma ya sami abin da ya isa a yi 'ya'yan dara da na domino, har ya kafa ƙaramin kamfani a kan haka. Sa'an nan hankalinsa ya koma kan wani ruwa mai kauri da ake kira kolodiyan, wanda ma'aikatan ɗab'i ke shafawa a yatsa in sun yanke, ya bushe ya zama kamar fata. An ruwaito cewa wata rana ya tarar kwalbar ruwan ta kife, abin da ya zube ya daskare ya yi tauri, sai ya gane akwai amfani a ciki.

Asalin wannan ruwa auduga ce da aka jiƙa cikin asid. Wani masani mai suna Christian Schönbein ya gano wannan haɗi cikin 1846 a birnin Basel, ya kuwa ga audugar takan kama wuta kamar albarushi. Hyatt ya riƙa tsoma ƙwallayensa cikin kolodiyan don su yi ɓawo mai sheƙi, ya sami shaidar mallaka cikin 1869. To, amma haɗarin audugar bai rabu da su ba. Shi da bakinsa ya ba da labari daga baya cewa wani mai gidan wasa a Colorado ya rubuto masa yana kukan cewa in ƙwallayen suka yi karo da ƙarfi sukan yi ƙara kamar harbi, nan take kowa a ɗakin ya zaro bindigarsa.

Takarda da kafur

Maganin matsalar ya fito ne daga kafur, wanda ake samu daga itatuwan Japan da tsibirin Formosa, watau Taiwan. Hyatt da wansa Isaiah suka gano cewa in an haɗa kashi ɗaya na garin kafur da kashi biyu na markaɗaɗɗiyar audugar nan, aka matse da zafi, sai kafur ya narke ya narkar da ita, su zama dunƙule ɗaya mai tauri. Suka sami shaidar mallakar wannan hanya ran 12 ga watan Yuli 1870. Isaiah ne ya raɗa wa abin suna seluloid.

A nan ne sanin da Hyatt ya yi wa takarda ya yi masa rana. Maimakon ɗanyar auduga, masana'antar ta koma ga amfani da wata irin takarda mai laushi, marar kauri, mai saurin shan ruwa, domin asid yakan ratsa ta ko'ina daidai wa daida. Akan tsoma ta cikin asid iri biyu, na naitirik da na salfa irin na ruwan batir, a wanke ta sarai, a markaɗa, a cuɗa da kafur. Sa'an nan a jera curin tsakanin takardu masu shan tawada, a danne da injin matsi har damshi ya fita duka. Bayan zafi da matsi sai a sami babban dunƙule wanda za a iya yankawa falle-falle, a rina shi kowane launi, a tanƙwasa shi in ya ji ɗumi, in ya huce ya tsaya yadda aka bar shi.

Sana'ar farko da suka shiga da shi ita ce yin dasashin haƙoran sawa, cikin 1870 a Albany. Ba a daɗe ba suka kafa kamfanin Celluloid Manufacturing Company, suka ƙaura zuwa birnin Newark a Jihar New Jersey. Cikin 1872 kuma suka ƙera injin da ke tura narkakken seluloid cikin mazubi, wanda shi ne kakan injunan da ke zuba kayan roba har yau. Mataji da maɓalli da kwalar riga da ƙotar buroshi suka cika kasuwa da araha. Masu yin fiyano su ma suka fara lulluɓe madannai da seluloid, musamman bayan an koyi jera siraran falle masu bambancin fari don a kwaikwayi jijiyar haure. Ta haka kayan da dā sai attajiri suka shiga gidan talaka.

Shari'a da gobara

Nasara ba ta zo masa a sauƙaƙe ba. Tun cikin 1862 wani Bature na birnin Birmingham, Alexander Parkes, ya nuna irin wannan abu a babban bajekolin Landan, ya sami lambar yabo. Amma kayansa sukan lanƙwashe su tsage in ruwan haɗinsu ya bushe, kamfaninsa ya karye cikin 1868. Abokin aikinsa Daniel Spill ya kai ƙarar su Hyatt a kotun Amurka, yana cewa fasaharsa suka ɗauka. Aka yi shekaru ana tafka shari'a, sai cikin 1884 alƙali ya yanke cewa Parkes ne ya riga kowa, saboda haka Spill ba shi da ikon hana kowa aiki. Watau Hyatt bai zama na farko ba a idon shari'a, amma shi ne ya sa abin ya yi ƙarko har ya shiga kasuwa.

Babban aibin seluloid kuwa shi ne wuta, gama da tartsatsi ya taɓa shi sai ya kama ƙurmus. Masana'antar Newark kanta ta sha gobara. Da aka fara yin fim ɗin hoto da na majigi da shi, daga 1889, haɗarin ya bi shi har gidajen sinima, sai da aka sami wani fim marar saurin kamawa.

Sauran ayyukansa

Hyatt bai tsaya nan ba. Shi da Isaiah sun ƙera matatar ruwa wadda ake zuba wa magani mai dunƙule datti kafin ruwan ya bi ta yashi, garuruwa da masana'antun takarda suka karɓe ta. Ya ƙera injin matsar rake, da keken ɗinki mai allurai da yawa. Garin gyara injin raken ne ya ƙirƙiro wani irin boris, ya kafa kamfaninsa cikin 1892. Wani saurayi da ya shiga wannan kamfani cikin 1895, Alfred Sloan, shi ne daga baya ya shugabanci kamfanin motoci na General Motors. Jimlar takardun mallakar ƙirƙira da Hyatt ya samu ta haura 200. Cikin 1914 masanan haɗa sinadarai suka ba shi lambar girma ta Perkin, shi da bai taɓa zama a ajinsu ba. Ya rasu ran 10 ga watan Mayu 1920 a Short Hills, yana da shekara 82.

Abin da ya bari

Seluloid bai ceci giwa ba. Masu kuɗi sun ci gaba da neman haure na ainihi, fiyano mai tsada kuma bai rabu da shi ba sai wajen tsakiyar ƙarni na 20. Kashe giwaye ya ci gaba, har ta kai cikin 1989 ƙasashen duniya suka haramta cinikin haure a tsakaninsu. A Nijeriya, inda dā fatake ke tara haure ayari-ayari, giwayen da suka rage kaɗan ne, a wurare irin su gandun dajin Yankari na Jihar Bauchi. Shi kansa seluloid ya ja da baya tun da Leo Baekeland ya fito da Bakelite cikin 1907, wasu robobi kuma suka biyo baya, har ƙwallon tebur da ya daɗe yana riƙe da shi ya sake shi cikin 2014.

Duk da haka, hanyar da Hyatt ya buɗe ba ta rufe ba. Daga Ƙofar Dukawuya zuwa Ƙofar Mata da wuya a shiga gidan da ba a sami buta ko mataji ko maɓalli na roba ba, kuma yawancinsu an zuba su ne cikin mazubi bisa dabarar da ɗan maƙerin nan da wansa suka fara cikin 1872.