Alexander Calder: Mutumin da filaya ba ta barin aljihunsa

In kana cikin masu kallon bidiyon masu haɗa sarƙa da 'yan kunne a TikTok ko Instagram, ka san irin ɗakin aikin da suke nuna mana: farin tebur fes, fitila mai zagaye, duwatsu an jera launi-launi cikin robobi. Kana gani sai ka ji kamar in ba ka da irin wannan ɗaki ba ka ma isa ka fara ba. To bari in ba ka labarin wani Ba'amurke wanda in ka ga hoton ɗakin aikinsa za ka rantse shagon 'yan gwangwan ne.

An haifi Alexander Calder a 1898 a jihar Pennsylvania. Kada in yi maka rufa-rufa, ba daga babu ya taso ba. Kakansa da mahaifinsa sun yi suna wajen ƙera mutum-mutumi, mahaifiyarsa kuma mai zane ce. Amma babban abin da iyayen suka yi masa shi ne ba shi wuri. Yana ɗan shekara takwas, lokacin suna zaune a Pasadena, suka bar masa ɗakin ƙarƙashin gida ya yi ta ƙwaƙule-ƙwaƙulensa. Kayan adon da ya fara yi na 'yan tsanar yayarsa Peggy ne, da guntayen wayar jan ƙarfe da ya tsinto a titi. A 1909 ya yanka fallen tagulla ya lanƙwasa, ya fitar da kare da agwagwa ya ba iyayensa kyauta. Agwagwar in ka taɓa ta sai ta riƙa rangaji.

Ya karanci aikin injiniya ya gama a 1919, ya yi ta sauya aiki, har ɗakin wutar jirgin ruwa ya shiga. Daga baya ya koma makarantar zane a New York, a 1926 ya tafi Paris.

A can ya haɗa abin da ya fara fito da shi, wato Cirque Calder. Ƙaramin dandalin wasa ne mai zaki da giwa da dawaki da 'yan tsalle-tsalle, duk da waya da tsumma da katako da toton murfin kwalba ya yi su. Yakan durƙusa a ƙasa yana motsa su da hannu, manyan masu zane na Paris suna zaune suna kallo. Abin ya yi ta ƙaruwa har ya cika akwati biyar, yana yawo da su tsakanin Faransa da Amurka. A 1930 ya ziyarci ɗakin aikin mai zane Piet Mondrian, kuma abin da ya gani a bangon ɗakin ya sauya masa tunani. Ya fara rataya fallayen ƙarfe a jikin waya yana daidaita nauyinsu, har ya kai iska kaɗai ke juya su. Marcel Duchamp ne ya raɗa wa ayyukansa masu motsi suna mobile.

Ni dai inda ya fi burge ni shi ne teburinsa na kayan ado. A 1933 shi da matarsa Louisa suka sayi tsohon gidan gona a Roxbury, jihar Connecticut, ya mai da ɗakin ajiyar ƙanƙara wurin aiki, kafin ya gina babba. Hotunan wurin suna nan, ka neme su. Waya a naɗe ko'ina, fallayen ƙarfe a jingine, gwangwanaye, abubuwa na lilo daga sama, da ƙyar za ka ga inda za ka sa ƙafa. Kayan aikin kuwa ba su taka kara sun karya ba: filaya iri-iri, guduma, uwar maƙera, almakashin yanka ƙarfe, magagari, da abin huda.

Da waɗannan ya yi kayan ado kimanin 1,800, kowanne da hannunsa. Maƙerin zinariya da ka sani yana narka ƙarfe, yana liƙe guntu da guntu da wuta. Calder kusan bai bi ta nan ba sam. Zai ɗauko wayar tagulla ko azurfa ya daddake ta har ta yi faɗi, ya murɗa ta da filaya ta yi ta zagaya kanta. In zai haɗa guda biyu, ko dai ya ɗaure su da wata wayar, ko ya huda ya zura 'yar ƙusa ya dake kanta. Sawun gudumar ma barinsa yake a jiki. Inda wasu za su sa lu'ulu'u, shi fasasshen tangaran yake sawa, ko gilashin kwalba, ko dutsen da ya tsinta. Ke mai sana'ar duwatsu, ki lura da wannan: ba wuta, ba inji, amma sai hannu ya san daidai inda waya za ta lanƙwasu da inda za ta karye, kuma wannan shekaru yake ci.

Da yawa daga cikinsu kyauta ya bayar ga 'yan'uwa da abokai, musamman Louisa, wadda zobenta ma shi ya murɗa da wayar zinariya. A 1942 attajira Peggy Guggenheim ta je bikin buɗe gidan baje kolinta a New York da ɗan kunnen Calder a kunne ɗaya, na mai zane Yves Tanguy a ɗayan, don ta nuna ba ta fifita wani salon zane a kan wani ba. Hatta cokula da ludayin gidansa shi ya ƙera wasu, gwangwanin kofi kuwa tsuntsu yake mai da shi.

Kada ka ɗauka komai da filaya aka yi. Manyan ayyukansa na baya, irin su Flamingo mai tsawon ƙafa 53 da aka kafa a Chicago a 1974, ƙaramin samfur yake yi a ɗakinsa, sannan masana'antar ƙarfe da ma'aikatanta su ƙera babban. Wannan kam sai da kuɗi da suna, kuma a lokacin yana da duka biyun, har da wani ɗakin aikin a ƙauyen Saché na Faransa.

Ya rasu a New York ranar 11 ga Nuwamba, 1976, makonni kaɗan bayan gidan tarihi na Whitney ya buɗe baje kolin ayyukan rayuwarsa. Zakin nan na waya da tsumma da sauran 'yan wasan da suka fito daga akwatuna biyar suna hannun gidan har yau.